Azumin da Na Cire Kan Batir a Apo

Azumin bana ya zo kafin ruwa, kuma ga dukkan alamu zai wuce ba a yi ko yayyafi ba. Da hantsi kwanon rumfarmu ta gyaran mota yakan ɗau zafi har ya riƙa ƙara shi kaɗai, sifanar da aka manta a rana kuwa ba ta taɓuwa sai da tsumma. Wannan zafin ne ya dawo mini da azumin shekara huɗu da suka wuce, wanda ya faɗo a ƙarshen bazara, lokacin da hadari yake haɗuwa a kan duwatsun Apo kullum da la'asar, ya watse bai zubar da komai ba. Ina so in rubuta abin da ya faru a watan nan yadda ya faru, domin an sha ba da labarinsa a gareji ana dariya, kuma kowane mai bayarwa da abin da yake ƙarawa. Inda na manta, zan ce na manta.

Ina da shekara ashirin da uku a lokacin. Na yi shekara uku a wata makarantar koyon sana'a mai zaman kanta a bayan Bwari, a sashen wayar mota. Ba zan faɗi sunanta ba. Inji ɗaya gare mu, mu kusan arba'in, na tsohuwar motar haya irin wadda aka daina yayi tun kafin a haife ni. An ɗaure shi a kan teburin ƙarfe, an shafe sassansa da fenti kala-kala don mu gane su. Ban taɓa jin ƙararsa ba. Kwamfutar da ake binciken motocin zamani da ita kuwa, malaminmu ya zana ta a allo, muka kwafa a littafi, aka ba mu maki a kan kyan zane. Na samu tara bisa goma.

Malamin yana da doka ɗaya da ya fi ƙauna: kafin hannunka ya taɓa kowace waya, cire kan batir. Batir ɗin da ke jikin injin namu fanko ne, babu ruwa babu wuta a cikinsa, amma duk wanda ya miƙa hannu bai fara kwance shi ba sai ya sha rula a bayan yatsu. Shekara uku ana yi mana haka, har hannuna ya koyi zuwa wurin ba tare da ya tambaye ni ba.

Mahaifina masinja ne a wata ma'aikatar tarayya har ya yi ritaya, ya koma Kurudu, inda yake da ɗaki biyu da ɗan fili a bayansu da yake shuka masara. Yakan ce ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar fayil ɗin masu takarda, ya kuma ga yadda makanikai marasa takarda suke rusunawa a gabansu, don haka ɗansa zai haɗa biyun. Da na fito daga makaranta, na yi wata takwas ina yawo da takardata. Ofisoshi suka ce digiri suke nema. Kamfanonin motoci suka ce sai wanda ya taɓa aiki. Cikin abokan karatuna da nake da labarinsu, ɗaya yana tuƙa keke a Karu, ɗaya yana gadin wani otal, biyu suna sayar da katin waya. A ƙarshe wani maƙwabcinmu direban bas ya haɗa ni da Oga Ɗanladi, mutumin Filato, mai rumfar gyaran waya a Apo.

Ya karɓi takardar da yatsu biyu saboda baƙin man da ke hannunsa, ya duba gabanta ya duba bayanta.

"Wannan takarda naka yana da kyau," in ji shi. "Amma wa ya yaye ka?"

Na faɗi sunan makarantar.

"Ban tambaye ka gini ba. Mutum nake tambaya. Wane oga ya riƙe ka, ya ce je ka, ka iya?"

A Apo haka ake auna mutum. Uba yakan kawo ɗansa da goro da kiret ɗin lemo, ya damƙa shi a gaban shaidu, ɗan ya yi shekara biyar yana koyo, sannan ogansa ya yaye shi a bainar jama'a. Wanda ba a yi wa haka ba, ba shi da suna a layin. Oga ya miƙo mini takardata.

"Gobe za ku fara azumi, ko? To ka yi watan a nan. In na ga hannunka, bayan Sallah zan ba ka aiki kamar wanda ya iya. In ban gani ba, hanya biyu ne. Ka koma gida, ko babanka ya kawo ka da goro kamar kowa, ka fara daga wanke noti."

Da na koma gida na gaya wa Baba rabin farko na maganar. Rabi na biyu na riƙe shi.

Ranakun sun tafi iri ɗaya. Ina idar da asuba nake fita, domin daga Kurudu sai an bi ta Karu da Nyanya, kuma wanda ya makara zai yi hantsi a cunkoso. Ina isa in share rumfa, in jera kayan aiki a kan buhu. Wajen sha ɗaya iska takan tsaya cak. Warin fetur da na ƙonannen roba yakan shiga cikin da babu komai a cikinsa. Mukan jiƙa tsumma mu ɗora a wuya, kafin a kwance noti huɗu ya bushe. Da azahar, in na kurkure baki wajen alwala, sai na tofar sau uku ina tsoron kada wani ɗigo ya wuce, alhali maƙogwarona shi yake roƙo. Masu tallar mangwaro suna wucewa da faranti a ka, ƙuda na bin su. Oga Ɗanladi ba ya azumi, amma ban taɓa ganin ya ci abinci a gabanmu ba; yakan zaga bayan wata kwantena da kwanonsa. Wannan na rubuta shi domin hakkinsa ne. Shan ruwa kuwa kusan kullum a bas yake samuna, a gangaren Kugbo, da ruwan leda mai ɗumi da ƙosai uku da wani fasinja ya miƙo daga baya.

Babban na hannun Oga shi ne Rabi'u, Bakano, wanda ya yi shekara bakwai a rumfar kafin ya kai matsayin da aka ce za a ba ni cikin wata ɗaya. Ya tsane ni tun ranar farko, kuma bai ɓoye ba. Ni ma ban so shi ba.

"Farfesa, miƙo sha biyu," yakan ce daga ƙarƙashin mota.

Sai in ɗaga sifana ina neman lambar da ke jikinta, shi kuwa da ido yake gane su daga nesa.

"Jama'a, ku zo ku gani! Karanta ta yake yi! Farfesa, in ka kai ƙarshen shafi ka gaya mana yadda labarin ya ƙare."

Rumfunan da ke kusa su kwashe da dariya. Idan na tambayi dalilin wani abu, sai ya ce in je in duba littafi. Idan na yi shiru, sai ya ce girman kai ne. Wata rana ya aike ni layi na uku in karɓo wani ƙarfe da babu shi a duniya, na yi ta yawo a rana ana tura ni daga rumfa zuwa rumfa, kowa yana riƙe dariya, har na gane da kaina.

Ba zan ce ban iya komai ba, domin hakan ma ba daidai ba ne. Na iya karanta taswirar waya, na iya aiki da mitar auna wuta. A rana ta tara wata bas ta zo tana ƙona fis, Rabi'u ya yi awa biyu yana yanke wayoyi yana haɗawa. Na ɗauki mita na bi layin a hankali har na samu inda wayar ta goge a jikin ƙarfe, a ƙarƙashin kujerar direba. Oga ya leƙa, ya gyaɗa kai sau ɗaya, ya wuce. Wannan gyaɗa kan na kai shi gida kamar albashi. Daga ranar Rabi'u ya daina yi mini ba'a, ya koma kallona kawai, abin da ya fi ba'ar muni.

Abin ya faru a rana ta ashirin da ɗaya ko ashirin da biyu. Na fi zaton ashirin da biyu. Akwai wata Hajiya Asabe, mataimakiyar darakta a wata ma'aikata, wadda ta daɗe tana kawo motocinta wurin Oga. Jif ɗinta ta mutu da ita sau biyu tana cikin gudu a babban titi, sannan ta tashi kamar ba abin da ya faru. An bincika ba a ga komai ba. Oga ya ce mata ta jira ranar da 'yar fitilar gargaɗin inji za ta kama a gaban direba, domin a ranar ce ƙwaƙwalwar motar za ta rubuta abin da ke damunta, sai a sa kwamfuta a karanta. Sati biyar ana jira. A safiyar nan fitilar ta kama, Hajiya ta baro taro a ofis ta taho kai tsaye.

A lokacin mutum ɗaya ne mai kwamfuta a duk layinmu, sai an je an ɗauko shi. Oga ya tafi da kansa. Yana fita ya ce da ni, "Buɗe bonet, ka duba wayoyin bayan injin ko ɓera ya ci, kafin in dawo."

Na buɗe. Na ɗauki sifana mai lamba goma, na kwance kan batir, na kawar da shi gefe. Ban yi tunani ba, kuma ba zan ce azumi ne ya ɗauke mini hankali ba, ko da yake an ba ni wannan uzurin daga baya. Da a ƙoshe nake, haka zan yi. Na bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ban ga cin ɓera ba, na mayar da kan batir na ɗaure shi tamau. Duka bai wuce minti goma sha biyar ba. Rabi'u yana zaune a kan taya, taku uku daga inda nake, fuskarsa tana wajena. Ni na yi imani ya gani. Shi har yau yana rantsuwa bai gani ba. Ba ni da shaida, don haka na bar maganar a nan.

Mai kwamfuta ya zo, ya jona na'urarsa a ƙarƙashin sitiyari, ya kunna makulli. Ya daɗe yana dannawa. Sai ya nuna agogon motar, wanda ya koma sifili yana ƙiftawa.

"Wa ya taɓa batir?"

"Ni ne," na ce. Har na ƙara bayani, cewa ƙa'ida ce, ba a taɓa waya da wuta a jiki. Ina jin muryata a lokacin, muryar ɗalibin da ya san amsa.

Mai kwamfuta ya cire wayarsa ya naɗe. "Oga, ba komai a ciki. Ya goge. Sai matsalar ta sake taso mata."

Abin da ban sani ba, wanda duk wanda ya yi wata uku a Apo ya sani, shi ne irin wannan motar tana manta abin da ta rubuta da zarar an yanke mata wuta. Yau ni nake riƙe da kwamfutar rumfarmu, kuma na san dokar malaminmu ba ƙarya ba ce. Tana kare hannu daga ƙuna, tana kare mota daga gobara. Amma an ba mu ita ba tare da rabinta na biyu ba, domin wanda ya ba mu bai taɓa buɗe motar da ke da ƙwaƙwalwa ba.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Ta cire tabarau ta dube ni.

"Malam, a ina ka yi karatu?"

Na faɗa mata.

"Da satifiket?"

"Da shi, Hajiya."

"Masha Allah. To, ranar jajiberi zan ɗauki 'ya'yana huɗu zuwa Zariya a motar nan. Tunda kai mai satifiket ne, ka ba ni tabbacin ba za ta mutu a gaban tirela ba."

Ta juya wajen Oga. "Oga Ɗanladi, shekara nawa muna tare? Motar da nake saka yarana a ciki ita ka ba ɗan gwaji?" Ya yi ta ba ta haƙuri, har ya bi ta bakin ƙofar motar. Ta ja ta tafi, kuma ba ta sake dawowa rumfarmu ba.

Na zaci Oga zai zage ni. Ya zauna a kan benci ya daɗe yana goge hannu.

"Ba mugunta ka yi ba," ya ce. "Shi ne ya fi ba ni tsoro. Abin da aka koya maka ka yi. Ban san sauran me aka zuba maka a kai ba, wanda zai fito gobe a motar wani."

"Oga, a yi masa uzuri," in ji Rabi'u. "Wataƙila ba su kai wannan shafin ba aka tashe su."

A yammacin nan aka yi ruwan farko. Iska ta fara ɗaga kwanuka, sannan ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Jar ƙasar Apo ta zama taɓo, baƙin man da ya shekara a ƙasa ya taso yana yawo a saman ruwa. Mutane suka fito suna tara fuska, masu azumi suna rufe baki suna dariya. Na tsaya a bakin rumfa da sanyin da na yi sati uku ina roƙo, ban ji daɗinsa ba ko kaɗan. A kwanakin da suka rage babu wanda ya sake miƙa mini aiki. Ina zuwa, ina shara, ina zama.

An sake ruwa ranar Asabar, don haka Lahadi muka fita shuka da Baba. Yana gaba yana sara da sungumi, ina biye ina jefa masara uku-uku ina rufewa da diddige. Ƙasar tana tururi, ƙamshinta yana ƙara ƙishirwa. Gidajen bulo sun riga sun ci filin daga gefe biyu, layin shukar bai fi taku talatin ba. A layi na shida na gaya masa komai, da maganar goro, da cewa na ɓoye masa ita tun farko. Na ce in ya ga dama in bar Apo, in nemi gadi ko keke kamar sauran, ba sai ya je ya tsaya a gaban mutane ba.

Bai tsaya da sara ba. Sai da muka kai ƙarshen layi ya ce, "Shekara uku."

"E, Baba."

"Shi malamin naku ya san motocin yanzu haka suke?"

"Ban sani ba, Baba."

"Ni na kai ka wurinsu. Da ƙafata na je, na ga ginin, na ga fenti, na ce nan ne." Ya tofar da yawu gefe. "Allah ya isa tsakanina da su." Ban taɓa jin ya yi wa kowa Allah ya isa ba sai ranar, kuma yana azumi. Ya juya ya fara sabon layi. Muna tsakiyarsa ya tambaya, ba tare da ya waiwayo ba, ko farin goro suke so ko ja.

Muka je ranar ashirin da tara. Baba ya sa babbar rigarsa ta Sallah kwana ɗaya kafin lokacinta, ya ɗauki goron a cikin ganye, ni na ɗauki kiret ɗin lemo a ka tun daga bakin titi. Taɓo ya ɓata masa gefen riga. Oga ya kira makanikai biyu daga maƙwabta su zama shaidu, wasu da ba a kira ba suka zo da kansu. Baba ya tsuguna. Oga ya yi wuf ya kama hannunsa.

"Haba Baba, tashi. Rabi'u, kawo benci."

"Bar ni a nan, Oga," in ji Baba. "Roƙo na zo yi."

A al'adar wurin akwai tambayoyi da ake yi a gaban shaidu. Oga ya tambayi Baba ko ni ɗansa ne, ya ce e. Ya tambaya ko ya ba da ni shekara biyar da yardarsa, a hore ni in na yi laifi, ya ce ya bayar. Tambaya ta ƙarshe ana yin ta ne domin kada a ɗauke wa wani oga mutuminsa ba da saninsa ba, kuma mai koyon ake yi wa. Oga ya san amsar, kowa a wurin ya sani. Na ɗauka zai tsallake ta. Bai tsallake ba.

"Kai Sadisu, ka taɓa koyon wannan aiki a wani wuri?"

Rabi'u ya jingina da ginshiƙin rumfa ya harɗe hannu. In na ce e, sai a tambaye ni wa ya koya mini, mu koma inda muka fara. Na dubi Baba a tsugune, bai ɗago ba.

"A'a, Oga. Ban taɓa koya ba."

Na sha auna wannan amsar, domin da azumi a bakina na ba da ita, kuma ni mutum ne da ba ya son faɗin abin da ba haka yake ba. Wani lokaci in ga ƙarya ce, wani lokaci in ga ban taɓa faɗin gaskiya kamarta ba. Oga dai ya juya wajen mahaifina, kamar yadda ake yi, don ya tabbatar.

"Baba, haka ne?"

Baba ya buɗe ganyen goron ya tura shi gaban Oga.

"Haka ne," ya ce. "Bai san komai ba. A koya masa."